Yadda ake tafiyar ƙafa ta yini guda a tsauni ko cikin rairayi

Mutumin Maraɗi da ya yi sha'awar fita yawon ƙafa na yini guda, ya tashi da sassafe ya dawo kafin magariba, zai fara lura da cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ce da fadama, ba mu da dogon dutse a bakin gari kamar yadda Kanawa suke da Dala ko mutanen Dogon Dutsi suke da nasu. Abin da Allah ya ba mu a yalwace shi ne rairayi da rana da nisan da ke tsakanin wannan rijiya da waccan, kuma waɗannan ukun su ne suke kayar da matafiyi, ko a kan tsauni yake ko a cikin hamada. Saboda haka duk bayanin da ke tafe ya rataya ne a kan lissafi guda, wato ruwan da ke goye a bayanka da sa'o'in da suka rage kafin rana ta faɗi, domin su ne za su gaya maka inda za ka juya.

Zaɓen wuri

Mataki na farko shi ne ka zaɓi wurin da ya yi daidai da ƙarfinka. Wanda bai taɓa yin doguwar tafiyar ƙafa ba ya fara da gefen Gulbin Maraɗi bayan ruwa ya janye, ya bi ta cikin lambuna da gonakin rani na awa biyu ko uku, domin ya san yadda jikinsa yake da kaya a baya. Idan ƙafa ta saba, sai a nufi arewa, wajen Gulbin Kaba ta Mayahi, ko ƙasar Dakwaro da kwarin Tarka, inda gonaki suke raguwa makiyaya suna ƙaruwa, tudun rairayi yana bin tudun rairayi. Can gaba akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta dubu 76, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018. Ba a shiga wannan gandu sai da izinin ma'aikatan gandun daji da rakiyarsu.

Mai son dutse kuwa yana da Adar a jihar Tawa, wajen Madawa da Buza da Keita, inda tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai suke kallon kwaruruka, yana kuma da manyan duwatsun da ke jibge a Damagaram. Uban su duka shi ne Abzin a jihar Agadas, inda dutsen Bagazam ya kai mita 2022, babu wanda ya fi shi tsawo a Nijar. Amma Abzin ba wurin koyo ba ne, kuma ba a zuwa sai da ɗan jagora na ƙasar da sanin hukuma.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ko da yake tana da ɗaci. Tafkin Madarunfa da dajin Baban Rafi suna daga cikin wurare mafi kyau a jiharmu, amma a 'yan shekarun nan yankin iyaka, daga Gidan Rumji zuwa Madarunfa, ya sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Kada labarin wanda ya je bara ya dawo lafiya ya rinjaye ka. Ka tambayi jandarmomi da mutanen garin halin da ake ciki a wannan makon, idan kuma suka ce kada a je, to magana ta ƙare, a sauya wuri.

Lokaci da lissafin nisa

Watannin tafiya su ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma ra'ayina shi ne a bar doguwar tafiya gaba ɗaya a wannan lokaci, sai dai ɗan zagaye na bayan asuba a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Damina tana da kyan gani, amma tana zuwa da tsawa, da macizai, da ruwan kori, wato busasshen rafi, mai saukowa ba sallama. Mai azumi ma ya haƙura sai bayan salla.

A lokacin ɗari rana tana fitowa a Maraɗi gab da ƙarfe 7, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma, kuma duhu yana rufewa cikin abin da bai kai rabin awa ba. Wannan ya ba ka sa'o'i goma sha ɗaya da 'yan mintoci, amma ba dukansu ne na tafiya ba. Ka cire awa uku na tsakar rana, ka cire awa guda da za ka ajiye saboda abin da ba a zata ba, ka cire ɗan hutun da ake yi a hanya, abin da ya rage bai fi awa shida ba. A kan waɗannan shida za ka yi lissafi.

A kan fako ko turba mai tauri, lafiyayyen mutum da kaya a baya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. A cikin rairayi mai laushi da ƙafa ke nutsewa, da ƙyar zai wuce 2 zuwa 3. Game da hawa, akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya kafa a 1892: awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa. Ƙa'idar tana da amfani, amma an yi ta ne a ƙasar sanyi, don haka a wajenmu sai a ƙara mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Idan aka haɗa wannan duka, tafiyar farko ta gaske kada ta wuce kilomita 10 zuwa 12, zuwa da dawowa. Kuma lissafin a yi shi da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin. Kafin a ɗaga ƙafa, a tsai da sa'ar juyawa a faɗe ta kowa ya ji, misali ƙarfe 11, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba.

Ruwa

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau ina tuna shi. Wata shekara a ƙarshen Fabrairu muka fita mu uku a ƙasar Adar, kowa da lita biyu, muna ganin sanyi bai gama wucewa ba. Muka hango wani tsauni da ido ya ce yana nan kusa, muka ce bari mu taɓa shi mu juyo. Iskar rani ba ta da laima, abu mai nisan awa biyu sai ka gan shi kamar ka miƙa hannu. Kafin azahar gorunanmu sun koma rabin lita, ɗayanmu ya daina magana, leɓɓansa sun yi fari. Allah ya haɗa mu da wani dattijo makiyayi a gindin aduwa, muka yi masa sallama na ce, "Baba, don Allah ina rijiya mafi kusa?" Ya dubi gorunanmu kafin ya dube mu, ya ce, "Samari, da wannan kuka shigo daji?" Ya ba mu ruwa daga salkarsa, ya nuna mana sawun awaki ya ce mu bi shi kada mu bar shi. Tun daga ranar ban ƙara fita ba tare da na auna ruwa da lissafi ba.

Ga yadda lissafin yake. Mai tafiya a cikin zafi yana bukatar rabin lita zuwa lita guda a kowace awa. A tafiyar awa shida ta lokacin ɗari, ka ɗauki lita 4 a ƙalla, idan kuma akwai hawa ko an fara jin ɗumi, ka kai 5 ko 6. Kowace lita kilo guda ce, don haka ruwa shi ne mafi nauyin kayanka, kuma haka ya kamata ya zama. Kada ka zuba shi duka a jarka guda, domin idan ta fashe ka rasa kome. Ka raba shi gora uku ko huɗu, ka ɗinke ɗaya da tsumman buhu ka jiƙa shi kamar yadda direbobin manyan motoci suke yi, iska tana bugunsa ruwan yana yin sanyi. Ruwan leda yana da sauƙin rabawa, amma ƙaya guda ta isa ta huda shi a cikin jaka, kuma ledar da aka shanye dole a dawo da ita gida, saboda dabbobi suna haɗiye ta su mutu.

Daga nan ka kasa ruwan kashi uku a zuciyarka: kashi guda na zuwa, kashi guda na dawowa, kashi guda ajiya. Da zarar kashin farko ya ƙare, ka juya, ko da sa'ar juyawa ba ta yi ba. Ka sha sosai tun daren jiya da kuma kafin fita, sannan a hanya ka riƙa kurɓa uku ko huɗu kowane minti ashirin, kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Iskar hunturu tana da yaudara, tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da kome ba. Abin da zai gaya maka gaskiya shi ne fitsari: idan ya yi ja kamar shayi, ko kuwa an yi awa huɗu bai zo ba, jikinka yana bin ka bashin ruwa.

Gumi yana fita da gishiri, don haka ruwa kaɗai ba ya isa a doguwar tafiya. Ka sayi ƙunshin gishirin nan da ake ba yara masu zawo a kantin magani, ko ka haɗa naka: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rijiyar da za ka tarar a hanya alheri ce, amma kada ka sa ta cikin lissafi, don tana iya ƙafewa, ko ka iske babu guga, kuma rijiyoyin arewa suna da zurfin da igiyar aljihu ba ta kai ba. Idan dole ta sa ka sha ruwan rijiya buɗaɗɗiya, ka tace da ƙyalle ka jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs ka jira minti 30, ko ka tafasa shi. Ruwan tafki kuwa kada ka shiga wanka a cikinsa, saboda tsargiya.

Sutura da guzuri

Kakanninmu sun riga sun warware maganar sutura. Riga mai faɗi mai dogon hannu, ta auduga, mai farin launi ko mai haske, da dogon wando, da malfa mai faɗin baki, da rawani ko ƙyalle da za a rufe hanci idan ƙura ta taso. Mace ta sa wando a ƙarƙashin zane, ta zaɓi hijabi marar nauyi wanda bai kai ƙasa ba don kada ya riƙa kama ƙaya. Wanda zai hau Bagazam ya tafi da rigar sanyi, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita dubu, Maraɗi kuwa ba ta kai mita 400 ba, ka ga bambancin ya kai digiri goma.

Takalmi ya zama rufaffe mai kaurin ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi shi ne uban bororo. Silifa ba ta tsare ƙafa daga tsidau da ƙayar aduwa, kuma a kan dutse tana zamewa. Ƙarangiya tana manne wa safa da bakin wando har ta hana mutum sakat, don haka ka zaɓi yadi mai santsi, ka tafi da safa ta biyu da ɗan hantsaki na cire ƙaya. Ka yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya, ka shafa man kaɗe a leɓe da diddige.

Guzuri ba ya bukatar tsada. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya wadda ƙasarmu ta shahara da nomanta, dafaffen ƙwai, biredi, da cuku idan an samu. Kilishi yana da daɗi amma yajinsa yana jawo ƙishirwa, sai a ci kaɗan. Fura idan an dama ta da nono tun safe tana yin tsami a rana, gara a tafi da dunƙulenta a dama a zango. Sauran kayan su ne sanda mai ƙwari, tocila, usur, ƙaramin madubi, wuƙa, ashana, bandeji, filasta, maganin ciwon kai, katin ɗan ƙasa, da 'yan kuɗi ƙanana. Waya a cika ta da caji, a tafi da batirin ajiya, a sauke taswirar yankin tun a gida ta Google Maps ko OsmAnd, domin na'urar nuna wuri da ke cikin waya tana aiki da tauraron ɗan adam ko babu layin kira. Jaka ta zama ta goyo mai igiya biyu, ruwa a kusa da baya, kuma nauyinta duka kada ya wuce kilo 8.

Sallama kafin shiga daji

Kada a tafi mutum ɗaya. Uku shi ne mafi ƙaranci, domin idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako. Ka bar wa wani a gida bayani a rubuce: garin da za ku sauka, inda kuka nufa, ku nawa ne, da sa'ar da idan ta wuce bai ji ku ba zai tayar da mutane. Lambar 'yan sanda a Nijar 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18, amma a daji sau da yawa babu layi, shi ya sa wannan mutum na gida ya fi kowace lamba muhimmanci.

Idan kun isa ƙauyen da za ku bar mota, ku fara zuwa ƙofar maigari. A gaishe shi, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Maraɗi, muna so mu taka zuwa wancan dutse mu dawo kafin la'asar sakaliya." Wannan gaisuwa ta minti goma tana sa gari ya san fuskokinku, a gaya muku rijiyar da ke da ruwa, da wurin da mutanen garin suke girmamawa ba a hawa, a kuma haɗa ku da saurayin da ya san hanya. Ku yi cinikin ladansa tun kafin tashi, ku kuma lissafa shi cikin ruwa da abinci. Ba a ratsa gonar da ba a girbe ba, a bi burtali. Ba a ɗaukar hoton mutane sai an tambaye su, ba a kuma ɗaukar na wurin sojoji ko kaɗan. Idan za a wuce rugar makiyaya, a yi sallama daga nesa a tsaya har a riƙe karnuka.

Tafiyar kanta

Ku fara a hankali, a irin saurin da mutum zai iya magana ba tare da haki ba. Mai rauni ya kasance na biyu a layi, mai ƙarfi a baya, kuma kada wani ya ɓace wa idon 'yan uwansa. Bayan kowane minti hamsin a huta minti goma. Duk inda hanya ta rabu, ku juya ku dubi bayanku, domin hanya tana sauya kama idan ana dawowa, kuma itacen da ka wuce ta damarsa da safe ba za ka gane shi ba da yamma sai ka taɓa waiwayarsa.

A cikin rairayi, taku gajere ya fi, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya maimakon a caka yatsu. Na baya ya taka sawun na gaba, don wurin ya riga ya danne. Rairayin safe ya fi tauri, kuma a tudun da iska ke turawa, gefen da iska ke bugu ya fi tauri da sauƙin hawa, ɗaya gefen kuwa yana zubewa a ƙarƙashin ƙafa. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, ka tsaya nan take ka zazzage takalmi ka manna filasta, kada ka bari sai ya kumbura.

A kan tsauni ba a miƙewa sama kai tsaye, ana yin karkace ne dama da hagu kamar yadda jaki yake hawa. Duwatsun Adar suna da tsakuwa da marmara masu gangarowa, don haka ka taɓa kowane dutse da sanda ko ƙafa kafin ka ɗora masa nauyinka. Inda ya zama dole a sa hannu, gaɓoɓi uku su kasance a kafe kafin ta huɗu ta motsa, kuma kada ka sa hannu a ramin da idonka bai gani ba. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, idan kuma dutse ya kuɓuce a ɗaga murya a ce "Dutse!" Falalen dutse da rairayi ya ɗan rufe ya fi kowane santsi. Saukowa ta fi hawa haɗari, saboda ƙafa ta gaji kuma zuciya ta riga ta tafi gida, don haka a ƙara ɗaure igiyar takalmi, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a sauko a karkace. Duk inda ka duba ka ga ba za ka iya saukowa ta nan ba, kada ka hau.

Daga ƙarfe 12 zuwa 3 a yada zango. A rani gawo shi ne abokin matafiyi, domin shi yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Aduwa ma ba ta rasa inuwa, sai dai a share ƙayarta kafin a zauna. A duba sama ko akwai zuma, a duba ƙasa ko akwai rami. A cire takalmi ƙafa ta sha iska, a kuma zazzage shi kafin a mayar saboda kunama. Idan ruwan da ya rage na sha ne kawai, a yi taimama a yi salla, addini ya yi sauƙi a nan. Kada a yada zango a cikin kori idan akwai hadari ko da a nesa ne, domin ruwan da aka yi a kan tudu yana iya cika shi alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Idan kuma ana tsawa, a sauko daga kan tsauni, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Wutar shayi a haƙa mata rami, a binne ta da rairayi kafin a tashi, saboda busasshiyar ciyawar Dakwaro da Barmo ita ce abincin dabbobin mutane har damina, kuma gobarar daji tana cinye ta cikin yini guda.

Idan abu ya faru

Zafi yana kama mutum mataki biyu. Na farko shi ne galabaita: gumi mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kuma tafiyar ranar ta ƙare ke nan. Na biyu shi ne mai kisa, alamarsa ruɗewa: mutum ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, jikinsa kamar garwashi. Wannan a jiƙa shi da ruwa, wuya da hammata da matsematsi, a yi ta yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Macijin da ya fi yi wa mutanen ƙasarmu illa shi ne kububuwa, ƙarama ce mai launin ƙasa, sai kasa da gamsheƙa. Idan ya sari wani, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar a jikin sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawa tana ƙara zubarsa ne kawai, kuma mutum yana iya ganin ya samu sauƙi alhali jini yana zuba a cikinsa, don haka ko ya ce ya warke a kai shi. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, ko ruwan tumfafiya ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Wanda ya ɓata hanya abu na farko shi ne ya tsaya. A zauna a inuwa, a sha ruwa, a tuna wurin ƙarshe da aka tabbatar da shi, a bi sawu a koma kafin iska ta shafe shi. Kada ayari ya rabu don neman hanya. A lokacin hunturu iska tana busowa ne daga arewa maso gabas, tana iya zama alƙibla idan hazo ya rufe rana. Sawun dabbobi yana haɗuwa yana ƙara zurfi yayin da ake kusantar rijiya, yana warwatsuwa idan ana nisa da ita, don haka a bi inda yake haɗuwa. Idan ƙura ta taso har ba a ganin gaba, a zauna a ba iska baya a rufe fuska har ta wuce. Idan dare ya riske ku a kan dutse, ku kwana inda kuke, ku riƙa busa usur sau uku-uku kuna haska tocila, domin saukowa cikin duhu ita ce take karya ƙafa.

Dawowa

Da kun iso ƙauye, ku koma ku yi wa maigari ban kwana don ya san kun fito, ku sallami ɗan jagora, ku kira na gida kafin sa'ar da kuka yanka masa. A gida a wanke ƙafa a duba ta da haske, a cire duk ƙayar da ta karye a ciki, a ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi fari. Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu bayan tafiyar ya je a gwada jininsa. Sannan tun kafin barci ya ɗauke ka, ka buɗe ɗan littafi ka rubuta ranar da watan, sa'ar tashi da sa'ar juyawa da sa'ar isowa, kilomita nawa aka ci, lita nawa ka ɗauka da nawa suka dawo, da sunan rijiyar da kuka tarar da ruwa da wadda kuka tarar a ƙafe. Da waɗannan alƙaluma za ka auna ruwan tafiya ta gaba.